Koren Ruwa a Bakin Kwalbati

Gidan da nake zaune a ciki, a gefen Makera a Kaduna, gadonsa na yi. Mahaifina ya gina shi da guminsa na masaƙa, tun lokacin da injinan Kakuri ke aiki babu hutu, kuma kafin ya rasu ya ƙara ɗakuna takwas ta baya ya zuba 'yan haya. Ni malamin firamare ne. Da yake na iya tsara wasiƙa da Turanci, masu gidajen unguwarmu suka naɗa ni sakataren ƙungiyarsu, duk takardar da za ta je wani ofis daga layinmu ta hannuna take fita. Ina jin daɗin matsayin, ba zan ɓoye ba. In na iso majalisa akan matsa a ba ni tsakiyar benci.

Akwai abin da na yi a gidan nan wanda ban gaya wa kowa ba. Mu da 'yan haya ramin sokawe ɗaya, inda masai ke zuba, muke amfani da shi. Da mutane suka yi yawa sai ya riƙa cika duk bayan 'yan watanni. A kira motar kwasa, ta zo ta tare layi, wari ya hana kowa cin abinci, maƙwabta su yi ta tsaki. Wata shekara na gaji. Na ɗauko birkila daga wata unguwa mai nisa, wanda bai san kowa a layinmu ba, ya huda gefen ramin daga sama, ya shimfiɗa bututu mai kauri ta ƙarƙashin katanga har cikin babbar kwatar da ke bayan gida, ya shafe da siminti ya mayar da ƙasa. Mutanen gida na ce musu tsagewa ake gyarawa. Daga ranar ramin bai sake cika ba.

Kwatar rufaffiya ce. Tana gangarawa ta ƙarƙashin titi, ta ɓullo a wani kwalbati can gangare, daga nan ta faɗa ɗan rafin da ke zuba cikin kogin Kaduna. Na san inda take ɓullowa. Daina bi ta wajen kawai na yi.

Shekaru suka wuce, unguwa ta ƙara cika. Inda muke buga ƙwallo muna yara duk ya zama gidaje, rijiya a nan, masai a can, tsakaninsu taku goma. Sai wani rani muka ga mutane da riguna masu ɗaukar ido suna aune-aune a filin gangare, suna kafa turaku. Ba a jima ba labari ya fito: matatar ruwan ƙazanta za a gina. Za a binne bututu a layuka, ruwan bayan gida da na wanka ya bi ta ciki zuwa can, a tace shi kafin ya shiga kogi. Motocin kwasa ma can za su riƙa juyewa, maimakon su je su zubar a daji.

A majalisa babu wanda ya tsaya sauraron farkon bayanin. Ƙarshensa kowa ya riƙe, wato motocin kwasa za su riƙa shigo mana unguwa. Ni kuma ina da abin da ya fi wannan damuna, domin na san duk ranar da aka fara tone-tone a layinmu sai an ci karo da bututuna. Amma ba haka na faɗa ba. Cewa na yi, “Mutanen Rido an ba su matatar mai, mu kuma an ba mu matatar kashi.” Aka yi dariya har da riƙe ciki. Kafin sati maganar ta zagaye unguwa, har masu Keke suna faɗa wa fasinja.

Ƙungiya ta ce in rubuta takardar koke. Na rubuta shafi uku, na kawo batun wari, da sauro, da faɗuwar darajar gidaje. Na bi gida gida ina karɓar sa hannu. Daga ƙarshe na sauka gangare wurin wani dattijo mai lambu a bakin rafin, mutumin da 'ya'yansa uku duk ta ajina suka wuce. Ban yarda na ƙarasa kusa da kwalbatin ba, daga kan hanya na yi masa sallama ya hauro.

Na ce, “Baba, ka ji abin da ake shirin yi? Lambun nan naka zai shiga ciki.”

Ban ga taswirar aikin ba, ban san ko lambun zai shiga ko ba zai shiga ba. Ya dubi kuyoyin alayyafonsa, ya dube ni, ya goge babban yatsansa a jikin riga. Na buɗe masa tawada ya dangwala.

Hukumar da ke da aikin ta kira taron jama'a, kuma a makarantarmu aka yi, a babban ajin da ke kusa da ofishin hedimasta. Aji ya cika har tagogi. Wadda ta zo yin bayani mace ce, injiniya, da hular kwano a hannu. Tana shigowa na gane ta.

Mahaifinta da nawa sashe ɗaya suka yi aiki a masaƙa, wajen rini. Mutumin kudancin jihar ne, Kirista, kuma shekara goma sha biyu suka yi suna haya a gidanmu. A bayan kekena nake kai ta makaranta. Ranar Kirsimeti a ɗakinsu muke cin shinkafa, ranar Sallah ita ce ke fara miƙo kwano wajen rabon nama. Da rikicin addini ya ɓarke a garin mutane suka rabu unguwa unguwa, mahaifina da kansa ya raka su har inda hankalinsa ya kwanta, suka koma unguwar Television. Da farko ana ziyara, sannan ta zama sai an yi rasuwa, daga baya ma shiru. Rabona da ita tun tana 'yar sakandare. Da idonmu ya haɗu ta ɗan sunkuyar da kai alamar gaisuwa. Na yi kamar ina duba takarda.

Hausarta tas, ta 'yan Kaduna. Ta ajiye kwalabe biyu a kan teburina na koyarwa, ɗaya ruwan rafin gangare, ɗaya ruwan wata rijiya a unguwar. Ta ce na rijiyar da ake gani garau an auna shi, akwai ƙazantar bayan gida a ciki. Ta zana aikin a allo: wurin da ake tare shara da yashi, manyan tankunan da kashi ke kwantawa, sannan tafkuna a jere, ruwa na fita daga wannan ya shiga wancan har ya yi kyau. Wani ya tambaye ta wari. Ba ta yi ƙarya ba, ta ce za a riƙa ji wasu ranaku kusa da tanki na farko, amma ba zai kai na kwatar da muke tsallakawa kullum ba. Motoci kuma ta hanyar baya za su bi.

Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Wani Alhaji mai shagon fenti, wanda ya fi kowa zafi a majalisa, har ya fara tambayar yaushe za a haɗa wa gidansa. Sai na miƙe.

Na ce, “Injiniya, tambaya ɗaya gare ni. A wace unguwa kike zaune?”

Ta ce, “Television, Malam.” Ta san na sani.

“To me ya hana a kai can? Ko ƙazantarku ce za a kwaso a juye wa masu sallah?”

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san nauyin irin wannan magana, kuma ni na fi kowa sani, domin na ga abin da ta taɓa jawowa. Ta dube ni sosai. Ta ce, “Malam, an zaɓi filin ne don ya fi ko'ina gangare. Bututun bai kai Television ba. Na gidajenku ne kaɗai zai shiga.” Amma hayaniya ta riga ta tashi, babu wanda ya ji ta sai mu na gaba. Samari daga taga suka fara buga ƙarfe. Mai unguwa ya yi sauri ya rufe taro da addu'a. A waje mutane suka yi ta miƙo mini hannu, ana cewa Malam ya faɗi abin da ke ran kowa. Bayan kwana kaɗan muka ji an dakatar da aikin sai an ƙara tuntuɓar jama'a.

Mahaifiyata tana nan da ranta, a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Kafin la'asar labari ya riga ni isa wurinta. Na shiga gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

Ta ce, “An ce yau ka yi jawabi.”

“Taron unguwa ne, Hajiya.”

“Yarinyar da na yi wa kitso a tsakar gidan nan. Uwarta ce ta yi jinyata wata guda lokacin da na haifi autana.”

Na ce, “Ai ba da ita nake ba.”

“Da wa kake?”

Ta ja carbinta ta juya fuska wajen bango, na tashi na fita.

Damina ta shigo, filin gangare yana nan da turakunsa, ciyawa ta rufe su. Ruwan Agusta ya yi yawa, kwata ta cika ta tumbatsa cikin gidajen ƙasa-ƙasa. Amai da gudawa ya shiga layuka biyu. Matar ɗaya daga cikin 'yan hayata ta kwana huɗu a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Na sha gaya wa kaina cewa ko ba a dakatar da aikin ba, ba zai ƙare kafin wannan damina ba, kuma gaskiya ne. Amma na je duba ta na kasa daɗewa a bakin gadon.

Bayan damina hukumar ta dawo da wata dabara. Suka ce kafin a ci gaba da gardama, bari a fara gano inda ƙazantar ke fitowa. Za su bi gida gida su zuba wani garin kala a masai, su ga ta inda zai ɓullo. Ranar da na ji haka ban iya cin tuwo ba. A taron ƙungiya na ce kada a yarda, gidajen aure ne, ba a shiga. Sai suka zo da ma'aikata mata. Na gaya wa 'yan haya duk wanda ya zo a ce mai gida ba ya nan. Abin da ban yi tunani ba shi ne Hajiya.

Wata Talata ina makaranta injiniyar ta zo gidan da kanta. Daga baya mai ɗakina ta ba ni labari. Injiniyar ta yi sallama, ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Mama, ni ce.” Hajiya ta riƙe fuskarta da hannu biyu, suka yi kuka, aka dama kunu. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, Hajiya ta ce, “Gidan ubanki ne. Zuba duk inda kike so.”

Ana tashi tara maigadin makaranta ya ce ana nemana a ƙofa. Injiniyar ce zaune a motar aiki, ita ke tuƙi. Ta ce in ba ta minti ashirin. Na shiga. Muka bar kwalta muka gangara ta hanyar da na yi shekaru ina kauce wa. Ta tsaya a kan kwalbatin, muka sauka.

Ruwan da ke fitowa daga bakinsa kore ne shar, irin koren da ba a gani a ganye, sai a fenti. Ya malala cikin rafin, ya bi 'yar hanyar ruwan da dattijon nan ya haƙa zuwa kuyoyinsa. Shi kuma yana tsaye a ciki har idon sawu, da bokiti a hannu, yana kallon ƙafafunsa.

Ta ce, “Yaya.” Rabon da in ji wannan sunan a bakinta an fi shekara ashirin. “Gida ɗaya kaɗai muka zuba wa yau da safe.”

Na ce, “Ƙila ramin ne ya tsage.”

Ta ce, “Ƙila.” Sannan ta ce, “Ramin da ya tsage a hankali yake tsatsafowa cikin ƙasa. Wannan kafin mu gama shan kunu ya iso nan.”

Na tsaya ina kallon ruwan. Wari nake ji wanda na san nawa ne, na gidana, na 'ya'yana da 'yan hayata.

Ta ce, “Ba kai kaɗai ba ne, mun samu a wasu gidajen. A rahoto lambar gida kawai nake sawa, kuma ba zan kira sunan kowa a taro ba, ba aikina ba ne. Amma ka toshe shi cikin satin nan.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Dattijon ya ɗago kai ya hango mu, ya ajiye bokiti ya ce, “Malam, barka da rana. Ya yara?” Na ɗaga masa hannu kawai. Ta mayar da ni makaranta, na shiga aji na ba yara aikin rubutu, na zauna har aka tashi.

Ina so in ce washegari na tara jama'a na faɗi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Bututun dai na toshe shi, ni da kaina na kwaɓa simintin, na koma kiran motar kwasa. Taron ƙungiya biyu a jere na aika cewa zazzaɓi nake. Da babu mai rubuta takarda, koken ya yi sanyi. Na kuma lura masu zafin baki da dama sun yi shiru a lokaci guda, har da Alhaji mai fenti. Kowa an nuna masa nasa koren ruwan a asirce, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Muna haɗuwa a masallaci muna gaisawa da fara'a.

Aiki ya fara. Katafila ta share filin, aka haƙa tafkuna huɗu manya, aka shimfiɗa musu baƙar leda mai kauri a ƙasa. Tifofi suka yi ta kawo yashi da tsakuwa, kafintoci suna kafa katako, ana zuba kankare tun safe har rana ta faɗi. Leburori daga ko'ina suka zo, na Makera da na Television da na Unguwar Boro, da rana su taru a rumfar wata mata mai shinkafa da wake, wannan ya yi Bismillah wancan ya yi alamar gicciye, su ci. Daga tagar ajina ina hango saman tankunan suna tasowa. Lambun dattijon kuwa ko taku ɗaya ba a taɓa ba. Na ji ma cewa a tsarin aikin, ruwan tafki na ƙarshe ta gefen lambunan zai bi, su yi ban ruwa da shi.

Jin wannan ne ya sa na sauka wurinsa wata Asabar da hantsi. Na same shi a gindin bishiyar gwaiba yana gyara ƙotar fartanya. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Sai a ranar na kalli ƙafafunsa da kyau, fatar duk ta tsattsage ta yi fari-fari har ƙwauri. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na gaya masa koren ruwan nan daga gidana ya fito, kuma ba tsagewa ba ce, ni na sa aka yi.

Bai daina abin da yake yi ba. Ya ce, “Na sani, Malam.”

“Injiniya ce ta gaya maka?”

“A'a. Tun shekarar da ruwan ya canja na bi kwatar da ƙafa ina saurare. A bayan katangarka na ji yana zuba.”

“Baba, me ya hana ka yi magana?”

Ya ce, “Kai ka koya wa 'ya'yana karatu. Da wane baki zan zo ƙofar gidanka in faɗi wannan?”

Ya gaya mini a da latas da kabeji yake yi, matan kasuwa suna zuwa har lambu su saya. Da suka fara cewa kayansa na wari sai ya koma alayyafo da masara, waɗanda ake dafawa. Ba da ƙorafi ya faɗa ba, kamar yana ba ni labarin yanayin damina.

Na ce, “Kuma ka dangwala mini hannu.”

Ya ce, “Ai kai ka ce in dangwala.”

Na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya tashi ya yanko mini alayyafo dami guda. Ban san yadda zan ƙi karɓa ba. Na riƙe shi har gida.

Wurin injiniyar ya fi yi mini wuyar zuwa. Ofishinta wata kwantena ce a bakin filin aikin, da fanka da tarin zane-zane. Na ce mata na zo ba da haƙuri. Ta tura mini kujera.

Ta ce, “Maganar bututu ta wuce, Yaya. Na ga irinsa da yawa, mutane suna yi don babu inda za su kai. Shi ya sa muke wannan ginin.” Ta juya biro a hannu. “Amma ranar taron nan ta ƙofar baya aka fitar da ni daga makarantarku, na kwanta a kujerar mota. Mamana sati biyu tana roƙona in ajiye aikin. Kuma maganar nan ba a kunne ka raɗa mini ita ba.”

Na gane abin da take nufi. Ba ta ƙara ba, ni ma ban yi alkawari ba.

Da aka zo haɗa gidaje da babban bututu aka sake kiran taro, a ajin nan dai. Tana gaba tana bayanin layin da za a fara tonawa. Da ta gama na miƙe. Na ce maganar da na yi a wannan ɗaki bara ƙarya ce, na san ƙarya ce lokacin da nake faɗinta, kuma na janye. Na ce wannan baiwar Allah a gidanmu ta girma. Sai na zo kan bututu, na ji bakina yana cewa, “Wasu daga cikinmu sun haɗa masansu da kwata.” Na tsaya. Na ce, “Ni na haɗa nawa. Shi ya sa na yaƙi aikin nan.”

Na zaci za a yi mini ihu. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Sauran kowa ya dubi ƙasa ko silin. Alhaji mai fenti ya jawo gefen rigata ya ce, “Malam, zauna, an wuce wurin.” Mai unguwa ya ce a koma kan batun tono. Babu wanda ya sake ɗago maganar, a ranar ko bayanta. Wasu dai sun rage sakin jiki da ni, kuma na fahimci ba bututun ne ya ɓata musu rai ba, faɗin da na yi ne. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, tana ta rubutu a littafinta. Da za ta fita ta ce, “Ka gaida Mama.”

Matatar ta fara aiki a rani na biyu. Akwai wari wasu ranaku in iska ta juyo, kamar yadda ta faɗa. Ruwan da ke fita daga tafki na ƙarshe ba na sha ba ne, amma kana ganin ƙasan magudanar ta cikinsa, kuma balbelu sun fara sauka a bakin tafkin.

Ana cikin haka Hajiya ta ce in kai ta Television. Muka ɗauki Keke ranar Lahadi da yamma, lokacin da an dawo daga coci. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma na manta rabona da shiga unguwar. Gidan ƙarami ne, da fulawoyi a gwangwanayen fenti. Tsofaffin matan biyu suka rungume juna suka shige ɗaki. Ni aka kai ni wurin mahaifinta a baranda. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, sai da ya shafa hannuna ya tabbatar.

Ya ce, “Ɗana, muryar babanka sak.”

Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya matso ya rage murya kamar zai ba ni labarin abin dariya.

Ya ce, “Ka san mutane da sharri. Bara wani ya zo nan ya ce wai kai ka tashi a taro ka yi wa ƙanwarka wata magana ta addini. Na ce masa ƙarya kake, na san gidan da yaron nan ya fito. Har korarsa na yi. Ita ma na tambaye ta, ta ce in rabu da zancen mutane.”

Yana murmushi, yana jiran in taya shi. Daga ɗaki ina jin dariyar Hajiya. Da na yi shiru da ya mutu da wannan zaton, kuma na so in yi shirun.

Na ce, “Baba, gaskiya aka gaya maka. Na faɗa.”

Murmushin ya tafi a hankali. Bai saki hannuna ba, bai kuma ƙara matse shi ba. Muka zauna haka, ana jin rediyon maƙwabta da ƙarar wani mai niƙa a ƙarshen layi. Na fara bayani, ya ɗaga ɗaya hannun, na yi shiru.

Can ya ce, “Mutumin nan da na kora, dattijo ne a cocinmu. Sai na je na ba shi haƙuri.”

Ya kira jikarsa ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Aka kawo a kofin silba, na sha. Ya tambaye ni ko har yanzu ana samun tsofaffin ma'aikatan masaƙa a wajenmu, na lissafa masa waɗanda suka rage, yana gyaɗa kai a kan kowane ɗaya. Da magariba ta gabato ya ce a shimfiɗa mini tabarma a falo, ya nuna mini gabas da sandarsa. Na yi sallah, muka yi sallama, na tare wa Hajiya Keke.